Yadda Na Kai wa Bagobiri Zagin Likita

Jikata Hafsatu ce ta jawo wannan rubutu, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a ciki ita zai tuhuma. Ranar Asabar ta tara ƙawayenta a zaurenmu nan Sabon Garin Gusau suna bitar Turanci don jarrabawar fita sakandare, ni kuma ina gefe ina fama da goro da 'yan haƙoran da Allah ya bar mini. Darasin nasu shi ne yadda ake ɗauko maganar wani a kai wa wani, abin da suke kira rifoted sifich. Sai na ji wata 'yar siririya a cikinsu ta ce ai duk littafin babu mai sauƙinsa. Hafsatu ta nuno ni da biro ta ce, "Kun ga tsohon mijin nan nawa? Da wannan darasin kaɗai ya ci abinci har ya yi furfura. Wai shi tafinta."

Suka kwashe da dariya. Na ce, "Ci gaba, amarya. Da 'wai' ɗin nan aka auro kakarki, har aka samu ubanki."

To, ku yaran yanzu da kuke ganin duk mai harshe biyu tafinta ne, ku gyara zama. Sunana Labbo, amma daga Bunguɗu har Tsafe in ba ka ce Labbo Tafinta ba, gidan wani Labbo mai facin taya za a kai ka. Karatuna na boko ya tsaya a aji shida na firamare. Ban ce na gama shidan ba, na dai shiga, an kuma ga na zauna.

Dokokin da ke cikin littafin nan naku na san su sarai, don da bulala aka ɗura mini su a aji biyar. Bature in zai ɗauko maganar wani, sai ya fara da "hi sed dat", sannan ya bi maganar yana canza mata tufafi. "Ni" ta koma "shi". "Nan" ta koma "can". "Yau" ta zama "ran nan", "gobe" ta zama "washegari". Aikatau kuwa sai ya ja shi baya taki ɗaya, "wil" ta koma "wud", "kan" ta koma "kud", abin da ake yi yanzu ya koma abin da ake yi a da. In tambaya ce, a cire mata ƙugiyar nan ta ƙarshe a maƙala mata "if". In umurni ne, a ce "hi tol him tu". Mu Hausawa ba mu ɗora wa kanmu wannan wahala ba. Mu dai mu ce "wai", mu jingine maganar da bango, mu koma gefe, in ta faɗi ba mu muka kayar ba. Na daɗe ina ganin rashin aikin yi ne ya sa Bature yake jan magana baya. Sai da na tsufa a sana'a na gane dalilinsa, kuma zan zo kan wannan, kada ku yi mini gaggawa.

Aikin farko da na gani da idona a wani kamfanin sayen auduga ne a Gusau, inda na shiga ina saurayi ina ɗinkin buhu. Manajan wurin baƙo ne, jan mutum mai saurin fushi, ba ya jin Hausa sai "zo" da "tafi". Mai yi masa tafinta shi ne Malam Dodo masinja, wani gajeren dattijo da ba ya rabo da lema ko da hadari ko babu. Wata rana manoma suka kawo auduga da ɗan damshi, don ta ƙara nauyi a sikeli. Manaja ya cusa hannu cikin buhu, ya zaro, ya yi ja kamar gauta, ya shiga surfa musu ruwan bala'i da Turanci, bai bar iyaye ba bai bar kakanni ba. Da ya tsaya shan iska, Malam Dodo ya gyara riƙon lema ya ce, "Manaja na gaishe ku da hanya. Ya ce audugarku ta yi kyau bana, a dai ƙara ba ta rana kaɗan." Manoma suka ce madalla, suka kwashe kayansu suka je suka shanya. Manaja ya yi ta mamakin yadda faɗansa yake da tasiri.

Daga ranar na liƙe wa Malam Dodo. Ban taɓa ganin ya buɗe littafi ba, amma shi ya koya mini inda ake tsayawa. Ya ce tafinta ba ya tsayuwa a tsakiya kamar alƙalin dambe, yana tsayuwa ne a bayan kafaɗar mai magana, ɗan nesa kaɗan, don mutanen biyu su kalli juna, kada su kalle shi. Ya ce kada in ci abincin ɓangare ɗaya a gaban ɗayan. Ya kuma ce hanya biyu ce ake kai magana. Akwai ta "ya ce", wadda kake ɗauko magana ka sirka ta da ruwan sanyi kafin ka miƙa. Akwai kuma bakin aro, inda kake aje kanka gefe ka yi magana kamar kai ne mai ita, in ya ce "ni" ka ce "ni", ba ƙari ba ragi. Ta farko ta kasuwa ce da wajen fushi. Ta biyu ta gaban alƙali ce da gaban likita, inda ɗigo ɗaya in ya zube wani zai kwana a ciki.

Ranar da ya fara sakar mini aiki, don ya tafi jana'iza, sai na ga dama ta samu in nuna wa duniya ina jin Turanci. Manaja ya zagi wani manomi daga Furfuri, ni kuwa na kawo masa zagin cif, da bakin aro, har da nuna yatsa. Mutumin bai ko kalli Manaja ba. Ni ya bi da sanda har bakin titi. Da Malam Dodo ya dawo aka ba shi labari, ya dube ni ya ce, "Fassararka ta yi daidai, ɗana. Gudunka ne ke son gyara."

Kayan aikina ba su da yawa. Na farko kunne, shi ya sa har yau ba na yarda a sa mini tsinke a ciki. Na biyu goro, don shi ke ba ka damar yin shiru kana tauna alhali kalma kake nema, mutane su ɗauka natsuwa ce. Sai farar riga guda, wankakkiya, da agogon hannu wanda ya daina aiki tun ina da ƙuruciya amma bai daina jawo mini girma ba. Sai keke. Sai kuma ƙamus da na saya hannun wani mai tsire kafin ya gama naɗe nama da shi. Na same shi ya riga ya cinye farkon, don haka duk kalmar Turancin da ta fara da harafin farko ko na biyu, ni da ita sai dai kintace. Na yi shekaru ina kauce musu kamar mai kauce wa suruki a hanya.

Masu neman tafinta kuwa iri-iri ne. Akwai injiniyoyin haƙa rijiyar burtsatse, waɗanda kullum suke gaggawa. Ka kai su gaban mai gari a fara gaisuwa, a tambayi gajiya, a tambayi gida, a tambayi iyali da dabbobi da ruwan bana, baƙo ya zungure ka ya ce me ya ce, ka ce ya ce ina kwana. Sai ya riƙa yi maka kallon wanda ya sace wani abu a hanya. Akwai 'yan kasuwa daga kudu da ke sauka Sabon Gari, su ne ba su da riba, don kafin damina ta zagayo sun iya Hausa har suna yi maka gyara. Akwai masu aikin titi daga ƙasar Sin, waɗanda Turancinsu bai kai nawa ba. A wajensu ne kaɗai na taɓa zama farfesa. Sai kuma 'yan bautar ƙasa, yara masu takarda da tausayi, da ake turowa makarantu da asibitocin karkara ba su san ko "sannu" ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda hanya ta lalace. Ba sai na yi muku bayani ba, kun san lokacin da mutum in zai tashi daga Gusau zuwa Tsafe sai ya yi sallama da gida kamar mai tafiya Makka. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu rijiya suka naɗe bututunsu, masu titi suka kulle motocinsu a yadi. Tafinta kuwa in babu baƙo, mutum ne kawai mai yawan surutu. Na koma wajen wani ƙanen matata a Tsafe ina taya shi sayar da rake a bakin hanya, ina fere ina sara. Don kada harshena ya yi tsatsa, da yamma nakan yi wa awakin gidan Turanci. Akwai wani bunsuru da na kusa kai shi aji uku. Ana cikin haka aka aiko daga wani ƙaramin asibiti a Bunguɗu cewa an turo musu likita 'yar bautar ƙasa, ba ta jin Hausa, ma'aikatan jinya kuma aikinsu ya yi musu yawa balle su tsaya fassara. Na aje wuƙar rake, na wanke farar riga.

Sunanta Bisi, kowa na ce mata Likita Bisi, ita kuma tana ce mini Baba Labbo. 'Yar ƙarama ce, in ta sa farin kwat sai ka ce na yayanta ta aro, amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

Aikin da nake so ku ji shi ne na ƙafar Ila. Damina ta yi tsaka, gero ya kai gwiwa, da hantsi aka sauke wani mutum daga bayan babur an naɗe masa ƙafar dama da tsohon rawani. Shi ne Ila, manomi ne daga wani ƙauye bayan Furfuri, magidanci da 'ya'yansa. Wanda ya kawo shi wansa ne, Alhaji Mamman, dattijo mai farin gemu da carbi, irin mutanen da in sun shigo ɗaki kowa ke gyara zama. Su duka biyun da zanen Gobirawa a kumatu, daga gefen baki har kusa da kunne.

Likita ta kwance rawanin. Ni da na saba da ɗakin nan sai da na matsa kusa da taga. Fartanya ce ta sare shi wajen noman farko, ya ɗaure ya ci gaba da aiki, ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ta duba, ta latsa, ta auna jini, sannan ta juyo gare ni ta yi magana a hankali, yadda takan yi in tana so kada in zubar da komai. Yatsun nan biyu sun mutu. Dole a kai shi babban asibiti a Gusau a cire su, yau ko gobe. In aka jira, baƙin zai hau, abin cirewa ya zama ƙafa daga gwiwa. In aka ƙara jira, ba zancen ƙafa ake ba kuma, zancen rai ne. Amma babu mai taɓa shi, nan ko can, sai mai ƙafar ya yarda da bakinsa.

Na mayar da Hausa, ban sirka ba. Ila yana kwance ya juya fuska bango, ko motsi bai yi ba. Alhaji Mamman ne ya gyara murya.

"Malam Labbo, ce ma likita mun gode, Allah shi saka da alheri. Amma yac ce ba shi son a yanka shi. A ba mu magani da allura mu koma gida."

Na kai mata kamar yadda ta zo mini: wansa ya ce, shi ya ce, ba ya so. Ta sake bayani, har ta cire takalminta tana nuna wurin a ƙafarta. Alhaji ya saurara da ladabi har ta gama, ya ce, "Gaskiya ta. Amma yac ce a'a." Da aka zagayo na uku sai ta aje biro.

"Baba Labbo, tun ɗazu 'ya ce' biyu kake kawo mini a jere. Ɗaya naka ne, na san shi. Ɗayan fa? Ni ban ga bakin mutumin nan ya motsa ba. Yaushe ya ce?"

Na rage murya na yi mata bayani. A wajen mutanen nan ƙane ba ya magana inda wa yake magana. Daga abin da na tsinta a gaisuwa, Alhaji ne ya riƙe Ila tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shi ya yanka wa 'ya'yansa ragon suna. In na tsallake shi na tambayi Ila, amsar da zan samu ita ce "abin da Yaya yac ce", Alhaji kuma ya ji an raina shi a gaban ƙanensa. Ta ce to a roƙi Alhaji ya ɗan fita waje. Na ce zai fita, da girmansa ma, amma da majinyacin zai fita.

Muka yi cirko-cirko. Alhaji har ya fara warware rawanin zai mayar wa ƙafar. Na jefa goro a baki ina tauna, ba don ina jin daɗinsa ba. Sai idona ya sake sauka kan zanen kumatun nan.

Na ce, "Likita, ba kin ce mini ke Bayarabiya ce ba?"

Ta ce e, me ya kawo wannan yanzu?

Na ce, "Waɗannan Gobirawa ne. Ku da su abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Duk abin da kika gaya masa ba shi da ikon yin fushi, kuma ba shi da ikon yin shiru. Sai dai ya rama."

Ta buɗe ido. Ta ce ashe abin da kakarta take yi ke nan! Wai tana yarinya akwai wani mai sayar da shanu a kasuwar garinsu, mai irin wannan zane, kullum kakarta sai ta fizge masa hula su yi ta cacar baki, ita kuwa tana ɓuya bayan zane ta ɗauka faɗa ake.

Na ce, "To, zage shi."

"Baba Labbo! Majinyaci ne fa!"

"Shi ya sa ba zai iya bin ki da sanda ba. Ni na san abin da nake faɗa."

Ta dubi yatsun, ta dubi Alhaji da rawaninsa, ta ja numfashi. Na koma bayan kafaɗarta inda Malam Dodo ya koya mini tsayuwa, na aje "ta ce" a aljihu. Tana faɗa da Turanci ina saki da Hausa, da muryar da ta yi.

"Kai Bagobiri! Kakata ta ce mini ku jarumai ne, ashe ruɗa ta ta yi. Ga ƙato ya ga yarinya da allura ya ɓoye fuska a bango, har baki sai an ara masa. Juyo in ga zanen nan. Wace kyanwa ce ta yakushe ka haka?"

Hannun Alhaji ya tsaya cak a kan rawani. Na ce a raina, Labbo, yau ko a yi dariya ko ka koma ferar rake. Sai gadon ƙarfen ya yi ƙara. Ila ya juyo.

"Wa ab Bayarabe cikinku?"

Na nuna ta. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Wagga 'yar? Lalle duniya ta zo ƙarshe, baiwa na yi ma ubangidanta tsawa. Malam, ce mata kyanwar da ta yi man wanga zane ita ta kori kakanninta har bakin teku, ba su tsaya ɗaukar komi ba sai barkono."

Alhaji Mamman ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa har carbi ya faɗi. Na kai wa Likita amsar cif, ta tafa hannu, ta ce barkonon ne ya buɗe musu ido suka yi karatu, ga shi yau ubangida na kwance a gadon baiwa. Ila ya ce gadon ma nasa ne, don duk abin da baiwa ta mallaka na ubangida ne, har farin kwat ɗin. Suka yi ta yi, ni ina tsakiya ina jifa da zagi hagu da dama, abin da rabona da yi tun ranar sandar nan.

Tana cikin murmushi ta jawo kujera ta zauna daf da gadon. Ta sassauta murya.

"To, tunda ubangida yana da baki, ya gaya wa baiwarsa da kansa. Me yake so a yi da ƙafarsa?"

Ila ya ɗaga ido ya dubi wansa. Alhaji yana share hawayen dariya da hannun riga, ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka dube ni. Tsakanin Bagobiri da Bayarabiya ni ba ni shiga. Kai ta tambaya, ba ta amsa."

Ila ya dubi ƙafar. Sannan ya ce, "Yaya bai yi ƙarya ba. Na ce ba ni son yanka. Amma ran da nac ce haka yatsun ja su ke, ba su yi baƙi ba. Tun da sunka juye ni ke son in sake magana, ban samu inda zan sa ta ba." Ya juyo ga Likita. "In anka cire, ina iya bin shanun huɗa?"

Ta ce babban yatsa na nan lafiya, shi ke riƙe tafiya. Zai bi shanu, amma baɗi, ban da bana. Kuma daga yau shi da shiga gona ba takalmi sun yi sallama, shi da sukari a koko ma haka, ga magani da zai riƙa sha kullum.

"Salla fa? Ina iya durƙuso?"

Ta ce zai iya.

Sai Alhaji ya yi magana, wannan karon ba a madadin kowa ba. Ya ce ƙanwarsu aka taɓa shiga da ita ɗakin tiyata, aka sa ta barci, ba ta farka ba. Shi ya kai ta da hannunsa. Ba ya so ya sake kai wani.

Likita ta yi masa ta'aziyya kamar yadda na koya mata, da 'yar Hausarta. Sannan ta ce irin wannan aikin galibi ƙafar kawai ake kashewa, mutum na farke yana jin hirar masu aiki. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin rai ba, don ba a hannunta yake ba. Abin da ta sani shi ne komawa gida da yatsun nan ya fi zuwa Gusau haɗari nesa ba kusa ba. Na kai masa wannan ma yadda take, ban ƙara mata zaƙi ba.

Ila ya ce, "To. A cire. Ni nac ce."

Na juya gare ta na faɗa da Turanci, ba "hi sed dat", ba jan aikatau baya. A cire, ni na ce.

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki carbinsa, ya ja 'yan ƙwayoyi, ya ce, "To, Allah shi sa a dace. Ai ni ma abin da ni ke shirin cewa yac ce ke nan." Ya naɗe rawanin ya sa a hammata, ya fita da kansa neman motar Gusau.

A ranar na yafe wa Bature, na yafe wa malamin aji biyar da bulalarsa. Ashe maganar da aka ɗauko ta riga ta kwana. Kafin ta iso, wataƙila mai ita ya tashi daga inda ya faɗe ta. Shi ya sa suke jan ta baya, don mai ji ya tuna ta jiya ce. Alhaji bai ƙara wa ƙanensa ko kalma ba, tsohuwar magana ce kawai ya yi ta kawowa da amana.

An cire yatsu biyu, ƙafa ta tsira. Geron bana 'ya'yansa suka ƙarasa, na baɗi shi ya yi huɗarsa, da takalmin roba. Likita Bisi ta gama bautar ƙasa ta koma kudu, yanzu har da 'ya'yanta. Ni kuma na ci gaba da zama a asibitin har gwiwa ta ce ta gaji da keke, na dawo Gusau wajen ɗana na zama mai gadin zaure.

Bayan Asabar ɗin da yaran nan suka yi mini dariya da kwana biyu, sai ga sallama. Ila ne, ya shigo Gusau sayen taki, ya tako da ƙafarsa tun daga tasha, da ƙullin gyaɗa a hannu. Duk sanda ya shigo gari sai ya biyo a kira masa baiwarsa. Hafsatu ta danna lambar a wayarta ta sa a lasifika. Na gyara murya, na matsa bayan kafaɗarsa, na shirya aiki.

Kafin in buɗe baki sai ga muryarta da karyayyar Hausa: "Bagobiri! Bawana! Yaya ƙafa?"

Ila ya fizge wayar. "Ke ɓarauniyar yatsu! Yaushe za ki maido man kayana?"

Ta ce ta soya su da barkono tuntuni. Ya ce mata "shatap", wadda ita ce kaɗai Turancin da ya mallaka, kuma a wajena ya same ta. Suka ci gaba, ba wanda ya waiwaye ni.

Hafsatu ta raɗa mini, "Miji, an kore ka daga aiki."

Na ce ta rufe mini baki, manya na magana. Na jawo ƙullin gyaɗar gabana na fara ɓara.